Filin Uwargida: Burodin dabino ba tare da yis ba

Ba kowace kasuwar ƙauye ake samun yis ba. Amma nono mai tsami da kanwa suna tada kwaɓi, don in sun gamu iska suke fiddawa.

Uwargida ta jiƙa kanwa kamar ƙwayar gujiya, ta tace. Ta haɗa fulawa kofi 3, sukari cokali 4, mai cokali 3, gishiri kaɗan, da yankakken dabino 10. Ta zuba nono kofi 1. Ruwan kanwa ne na ƙarshe.

Nan take ta cura ƙanana, ta jera cikin tukunyar da ta shafa ma mai, garwashi ƙasa da bisa marfi, kamar minti 20. Kwaɓi in ya jima, iska ta fita, burodi ya yi tauri. Kanwa kuwa in ta yi yawa, ya yi ɗaci, yara su ƙi ci.