Yaron da ke murmurewa a asibiti ya sake ramewa a gida: A binciki alkama

Duk ma'aikacin lafiyar da ya daɗe a sashen kula da yara masu tamowa ya san wannan yaron. An kawo shi da gudawar da ta ƙi tsayawa, ciki ya kumbura, cinyoyi da ɗuwawu sun zube, ga yawan kuka da ƙin abinci. An ba shi madarar asibiti da abincin gyaɗar nan na leda, cikin 'yan makonni ya ciko, aka sallame shi. Bayan wata biyu ko uku sai ga uwar ta dawo da shi kamar ba a taɓa yi masa magani ba. A gida wasu su ce haƙori ne, wasu su ce ya sha ciki, wasu kuma su ɗora wa uwar laifin sakaci.

Sau da yawa talauci da gurɓataccen ruwa da tsutsar ciki ne ke mayar da irin wannan yaro. Amma akwai wani dalili da ba kasafai ake tunawa da shi ba a asibitocin karkara, daga Saji da Rurum a Ƙaramar Hukumar Rano har zuwa Tarai da Durba a Kibiya, wato cutar siliyak. Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da za a sa ta cikin jerin abubuwan da ake bincikawa.

Siliyak cuta ce da garkuwar jiki ke juyawa ta yaƙi hanjin mai ita duk lokacin da ya ci wani sinadari mai suna gulutin, wanda ke cikin alkama da sha'ir. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa yin danƙo. Cikin ƙaramin hanji akwai wasu 'yan tsirrai ƙanana kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci su kai shi jini. Cutar tana cinye su har hanjin ya zama sumul. Daga nan ko me yaron ya ci, mafi yawan amfaninsa wucewa yake yi. Abin da ke biyo baya shi ne rama da ƙarancin jini da tsumburewa da raunin ƙashi. Wani yaron ma ba ya gudawa, sai taurin bayan gida da ƙin girma. Alamomin sukan fara bayyana ne bayan an soma ba yaro abincin manya, galibi tsakanin wata shida zuwa shekara biyu.

Ga inda abin ya shafi yaron da muka fara da shi. Abincin ledar da ake ba masu tamowa gyaɗa ce da madara da sukari da mai, babu alkama a ciki. Yaro mai siliyak zai samu sauƙi muddin shi kaɗai yake ci. Da ya koma gida ga shayi da burodi, da biskit, da taliyar yara, sai ciwon ya dawo. Ta irin wannan lura aka gano tushen cutar tun farko. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya ga yaran da yake jinya sun samu sauƙi a lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yi wuya, suka kuma koma ruwa da alkama ta dawo. Ya rubuta bincikensa a 1950.

An daɗe ana ɗaukar siliyak ciwon Turawa. A 1999 wani bincike da likitan Italiya Carlo Catassi ya jagoranta a kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya samu cutar a jikin kashi 5.6 cikin 100, wato kusan yaro ɗaya cikin 18, a al'ummar da fulawar agaji ta zama babban abincinta. A duniya baki ɗaya ana ƙiyasta tana kama kimanin mutum ɗaya cikin 100. Ana gadon yiwuwar kamuwa da ita, shi ya sa ta fi yawa a wasu al'ummomi, amma ba ta tashi sai an ci alkama.

Alkama kuwa ba baƙuwa ba ce a Kano. Gurasa da alkaki da funkaso tsofaffin abincinmu ne, kuma ruwan Dam ɗin Tiga ya sa ana noman ta da rani a Kadawa da Kura da Bunkure, maƙwabtan Rano. Abin da ya sauya shi ne yawan cin ta da kuma shekarun masu ci. Da can alkama abincin biki ce da salla, yaron goye kuwa kunun gero da na gyaɗa ya sani. Yau ko wane kantin ƙauye akwai biskit da cincin da fanke da taliya, kuma su ne ake miƙa wa yaro don ya yi shiru. Ga shi binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A cikin taron yara masu rama irin wannan, mai siliyak ɓacewa yake yi, domin kamanninsu ɗaya.

Gano cutar yana farawa ne da gwajin jini mai suna tTG-IgA, tare da auna yawan sinadarin IgA a jikin yaron, domin idan ya yi ƙaranci gwajin na iya nuna lafiya alhali akwai ciwo. Idan sakamakon ya nuna alama, likita kan zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki ya ɗebo ɗan tsokar hanji a duba. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin hanjin yara ta Turai ta fitar a 2020 ta ce idan sakamakon ya ninka iyakar lafiya sau goma ko fiye, kuma wani gwajin jini na biyu ya tabbatar, ana iya yanke hukunci ba tare da ɗebo tsoka ba. Wannan sauƙi ne babba ga mutanen karkara, domin jini ana iya ɗiban sa a Rano a aika Kano.

Akwai gargaɗi ga iyaye a nan. Kada a hana yaro alkama kafin a yi gwajin. Idan aka daina ba shi, alamar cutar kan ɓace daga jini, sakamako ya fito ba daidai ba, a koma gidan jiya. Haka kuma kada tsoro ya sa a raba yara masu lafiya da burodi, domin mafi yawansu alkama ba ta yi musu komai.

Idan an tabbatar, maganin ba allura ba ne ko ƙwaya: barin alkama ne har ƙarshen rayuwa. A nan Bahaushe ya fi Bature sa'a. Gero da dawa da masara da shinkafa da acca da rogo da dankali da wake duk babu gulutin a cikinsu. Tuwo da fura da kunu da ƙosai da alale sun wadatar. Sai dai a kula da injin niƙan da aka niƙa alkama a ciki, da ɗanwaken da aka haɗa da fulawa, da man da aka soya fanke, a kuma riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin kayan leda. 'Yan'uwan yaron na jini su ma a gwada su, domin kusan ɗaya cikin goma kan kasance da ita. Haka yara masu ciwon sukari da ke dogara da allurar insulin.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko su sa tambaya ɗaya a takardar kula da masu tamowa: me yaron ke ci idan ya koma gida? Duk yaron da ya dawo karo na biyu, ko gudawarsa ta wuce mako biyu, kuma an duba tarin fuka da ƙanjamau da tsutsar ciki da sikila ba a samu ba, a tura jininsa gwaji. A shirya hanyar kai jini daga Babban Asibitin Rano zuwa birni, a sassauta kuɗin ga marasa ƙarfi. Ƙwararrun Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Yara na Hasiya Bayero da Jami'ar Bayero kuma su ƙidaya mana yawan masu cutar a tsakanin yaranmu.

Sai an san ciwo ake samun maganinsa. Uwar da ta yi ta zarya tsakanin Saji da Rano da yaro a goye, ta sayar da akuyarta ta sayi magani, ta cancanci a gaya mata idan burodin safe ne ke cinye ɗanta.