RA'AYINMU: Kalkulas Ba Ya Karɓar Hadda

Zangon karatu ya zo gangara, kuma a cikin dukkan jarrabawar da ke jiran 'yan aji ɗaya na sassan kimiyya da injiniya a Jami'ar Bayero, babu wadda ake ambata da faɗuwar gaba kamar ta kalkulas. Wanda ya faɗi zai sake ɗaukar kwas ɗin baɗi a kan nauyin aji biyu, makinsa na jimla ya yi ƙasa tun daga tushe, ga kuma iyaye a gida suna zuba ido.

Mu a wannan mujalla muna ganin tsoron ya samo asali ne daga yadda muke shiri. Yawancinmu mun fito sakandare da al'adar hadda: a tattaro takardun tambayoyin shekarun baya, a haddace amsoshi, a je a zazzage. Kalkulas kuwa ba ya karɓar wannan. Malami ya sauya lamba ɗaya tak, sai mai hadda ya tsaya yana cizon biro. Yanzu kuma ga manhajojin waya masu warware tambaya cikin ƙiftawar ido. Ɗalibi ya karanta amsar, ya gyaɗa kai, ya zaci ya iya, alhali a zauren jarrabawa daga shi sai takarda.

Abin mamaki, tunanin da ke ƙarƙashin darasin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ɗalibin da ya hau adaidaita sahu daga Gyadi-Gyadi zuwa Kabuga ya san bambancin saurin tafiyar baki ɗaya da saurin da ake yi a daidai wata daƙiƙa, sa'ad da direba ya sami sarari ya take. Gano wannan sauri na daƙiƙa guda shi ne rabin farko na darasin. Rabi na biyu shi ne tarawa: famfo yana zuba, wani lokaci da ƙarfi, wani lokaci ɗis-ɗis, to, ruwa nawa ya taru a tanki? Ko a ba ka waya mai tsawon mita 40 ka kewaye fili mai kusurwa huɗu. In ka yi 15 da 5, ka sami murabba'in mita 75; 12 da 8 su ba ka 96; 10 da 10 su ba ka 100, kuma babu abin da zai wuce haka. Kalkulas ne ke nuna dalili cikin layi uku. Leibniz ya buga hanyarsa a 1684, littafin Newton ya fito a 1687, amma tun kafin su da ƙarnuka Ibn al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tara lambobi irin wannan tarawa don auna cikin wata sura mai kama da ƙwarya.

Sau da yawa ma ba kalkulas ne ke kayar da mutum ba, tsohuwar aljebra ce da tirigonometiri: buɗe baka, haɗa ɓangarorin lamba, alamar ɗebewa da ta ɓace a layi na biyu. Duk wanda ya san yana da rauni a nan, ya sauke girman kai ya koma littafinsa na sakandare yau ɗin nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hankalinmu ya fi karkata ga 'yan'uwanmu masu jeka-ka-dawo daga Tarauni da Gyadi-Gyadi. Mazauna ɗakunan kwanan jami'a suna da abokan bita har tsakar dare. Su kuwa waɗannan sai sun ratsa gari, su iso gida a gajiye, wani ya wuce shagon mahaifinsa, wata ta shiga aikin gida, wuta kuma sai ta ga dama. Shawararmu ita ce su haɗu huɗu-huɗu ko biyar-biyar a unguwa, a zaure ko ajin wata makaranta bayan an nemi izini, kowa ya warware tambayoyi biyar da hannunsa, sannan ya miƙe ya bayyana wa saura. A wurin bayani ne ake gane wanda ya fahimta.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai su shirya bitar da za a tashi kafin magariba, domin na nesa su sami abin hawa. Su kuma yayyenmu matasan ma'aikata da suka riga suka haye wannan kwas, suna zaune a unguwannin nan, muna roƙon su ba ƙannensu yammacin Asabar biyu kafin a shiga zaure.