Sharhi: Tarihin da Ke Kwance a Cikin Laka



Manomin dawa a Musawa ya san halin ƙuduji. Irinsa yakan kwanta a ƙasa fiye da shekara 10 bai mutu ba, sai ya ji saiwar hatsi kusa da shi ya farka. To, a tekun Arktik, can ƙuryar arewacin duniya inda ruwa ke daskarewa, akwai wasu ƙananan halittu masu irin wannan dabara, ana ce musu dainofilajelet. Ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma. Idan zamani ya yi tsanani, wasunsu sukan shige cikin ƙwanso mai tauri su nutse ƙasan teku. Ƙwanson yakan daɗe a laka shekaru dubbai.

Me ya sa masana suka damu da su? Tauraron ɗan'adam bai fara auna faɗin ƙanƙarar teku a kai a kai ba sai 1979. A watan Satumban 2012 ta ragu zuwa kusan murabba'in kilomita miliyan 3.4, mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa. Mai son sanin ko an taɓa yin haka a da, dole ya haƙo laka ya ƙirga ƙwanso, domin wasu jinsunan, irin su Islandinium minutum, sun fi yawa a ruwan da ƙanƙara ke rufewa watanni da dama a shekara.

Sai dai akwai matsala, ita ce ta suna. An daɗe masu nazarin laka suna raɗa wa ƙwanso suna, masu nazarin ruwa kuma suna raɗa wa mai ransa wani sunan dabam, ba tare da sanin abu ɗaya ba ne. Ga kuma ƙwansuna masu launin ƙasa da ƙayoyi, kamarsu ɗaya, amma ba danginsu ɗaya ba. Wanda ya ɗauki na ruwan ɗumi a matsayin na ƙanƙara, duk lissafinsa ya rushe. Shi ya sa a 2013 wasu masana a Kanada suka ƙyanƙyashe ƙwanson Islandinium minutum a ɗakin gwaji, suka ga abin da ya fito, sannan suka karanta ƙwayoyin gadonsa don tabbatar da danginsa. Aiki ne na haƙuri, ba ya shiga kanun labarai, amma a kansa sauran binciken ya dogara.

Kada mai sauraro ya ce wannan zancen Turawa ne. Ƙurar hunturu da ke sauka kan rumbunanmu, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, kuma cike take da ɓaraguzan ƙwanson wasu ƙananan halittun ruwa da suka rayu lokacin da tafkin Cadi ya mamaye yankin, kimanin shekara 7,000 da suka wuce. A Kajemarum ta jihar Yobe kuwa, an haƙo lakar tafki aka karanta tarihin shekara 5,500. Sakamakon da aka buga a 2000 ya nuna farin da ya fara a 1968, wanda dattawanmu ba su manta da yunwarsa ba, ba shi ne na farko ba: an sha yin fari mai tsawon shekaru gommai a wannan yanki.

A ganina, nan ne jami'o'inmu na Katsina da Dutsin-Ma da Zariya suke da aiki a gabansu. Tarihin auna ruwan sama a ƙasar nan bai wuce ƙarni ɗaya da 'yan kai ba, alhali mai shuka auduga da masara yana bukatar sanin iyakar tsawon farin da ƙasarsa za ta iya fuskanta. Kafin a karanta lakarmu, sai an horar da matasan da za su zauna gaban madubi su tantance ƙwanso ɗaya bayan ɗaya, a kuma saya musu na'urar gwajin ƙwayoyin gado.