Na'urar da Ke Cikin Jiki Ba Wayar Hannu Ba Ce

Idan kamfani ya daina sabunta manhajar wayarka, iyaka ka yi tsaki, ka kai ta kasuwa ka yi musaya. To, idan na'urar a cikin ƙirjinka take, ko a cikin idonka fa?

Injiniyoyi sun yi nisa wajen sasanta ƙarfe da tsoka. Jiki ba ya son baƙo: da zarar an saka masa wani abu, garkuwar jiki za ta taso ta naɗe shi da tabo, ruwan jiki mai gishiri kuma ya shiga cin sa. Shi ya sa ake rufe na'urar daidaita bugun zuciya a kwanson taitaniyom, ƙarfen da ba ya tsatsa. Ta farko da aka dasa wa Arne Larsson a Suwidin a 1958, sa'o'i kaɗan ta yi ta tsaya. Ta yanzu batirinta kan kai shekara goma.

Inda ake da sauran aiki, a ganina, shi ne manhaja. A 2017 hukumar FDA ta Amurka ta sanar cewa na'urorin zuciya kusan 465,000 na kamfanin Abbott suna da kafar da masu kutse za su iya bi, sai da aka kira masu su asibiti don sabuntawa. Kamfanin Second Sight kuwa ya dasa wa makafi sama da 350 na'urar gani ta Argus, sannan ya daina ƙera ta a 2019. Suka wayi gari da kaya a ido, ba tabbacin mai gyara.

Mu masu rubuta manhaja mun saba da "a sake ta, a gyara daga baya". Wannan ɗabi'ar ba ta da gurbi a jikin mutum, domin cire na'ura tiyata ce.

Kamata ya yi doka ta tilasta wa kowane kamfani ajiye asalin rubutun manhajarsa da zanen na'urar a hannun hukuma kafin a ba shi lasisi. Za su ce sirrin sana'a ne. Gaskiya ne, amma ba wanda zai buɗe ajiyar sai ranar da kamfanin ya durƙushe ko ya janye hannu.

Tunda Neuralink ya fara dasa wa mutum na'ura a ƙwaƙwalwa a 2024, kafin mu yi ta tafi, mu tambaya: wa zai kula da ita nan da shekara ashirin?