Ranar Wasan Waje: Zango Ko Biya Fala?

Yau dai sai mai karatu ya yi haƙuri da ni, domin raina a ɓace yake, kuma na san wasu za su ce na taɓo inda ba a taɓawa. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shekarata ashirin da 'yan kai a ƙasar Kudu. Na fara da Anacha, a bakin gada, ina taya wani kawuna sayar da albasa. Daga nan na yi shekara shida a Fatakwal, yanzu kuma ina Inugu da iyalina. Duk inda na zauna a garuruwan nan uku, babu ranar da ke faranta min rai irin ranar da wata ƙungiyar ƙwallo ta Arewa ta zo wasa. Ka ji ana buga ganga ana waƙa da Hausa a tsakiyar titin Ogui, a hanyar shiga filin wasa na Nnamdi Azikiwe, wallahi sai ka ji kamar an ɗauko maka gida an dire a gabanka. Masu canji su rufe jaka, masu suya su bar wa yara tukuba, kowa ya nufi fili.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru wata ranar Lahadi da ba ta daɗe ba. Magoya bayan wata ƙungiya ta Arewa, ba zan kama sunanta ba, suka zo cike da bas. Aka yi wasa aka tashi lafiya. Yawancinsu suka nemi masallaci suka yi sallolinsu, suka ci abin da suka samu. Amma wasu samari biyar ko shida suka sulale suka shige wata biya fala da ke bayan layinmu, da rigunan ƙungiyar a jikinsu. Da dare ya yi nisa aka kawo musu lissafi, gardama ta tashi, aka kifar da tebur, aka fasa kwalabe, aka hankaɗe yarinyar da ke kawo musu abin sha. Kafin matasan unguwa su taru, an kwashe su an cusa a mota, bas ta kama hanyar 9th Mile. To wa kuke jin aka zo nema? Mu. Sai da dattawanmu uku suka tafi cikin daren nan suka ba matar haƙuri, muka yi karo-karo muka biya ɓarnar. Mai shayin bakin layi kwana biyu bai kafa teburinsa ba. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan tsuntsun ya ja ruwan ya tashi, mu ruwan ya doka.

Washegari wani maƙwabcina Inyamuri mai sayar da kayan mota, mutumin kirki da muka shekara goma muna gaisawa, ya dube ni yana dariya ya ce, "Alhaji, ashe ƙishirwa ce ke damun mutanenku a can gida?" Ban iya ba shi amsa ba.

Da na samu lambar ɗaya daga cikin samarin na kira shi, sai ya ce min, "Haba Baba, ai haka ake yi a Ingila. Wasan waje ba ya cika sai an zauna a mashaya." Wannan magana ta fi ɓarnar ƙona min rai. Tunda Ingila aka kafa hujja da ita, bari mu je Ingilar.

Gaskiya ne, ga Baturen Ingila mai bin ƙungiyarsa, mashayar da suke kira pub rabin tafiyar ce. Ƙungiyoyi 92 ne a manyan rukunoni huɗu na ƙasar, kuma bisa al'ada ranar Asabar da ƙarfe uku na rana ake take wasa. Mutum zai shiga jirgin ƙasa da safe, ya sauka a garin da bai san kowa ba, ya zarce mashayar da tun kafin ya baro gida ya san sunanta. Akwai ma masu tsananin son wata irin giya da ba a gama kashe ta a kamfani ba, tana ci gaba da nuna a cikin ganga a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ana zuƙo ta da famfon hannu. Ita suke kira ta ainihi. Har ƙungiya suka kafa mata a 1971 mai suna CAMRA, wadda ke fitar da littafi duk shekara na mashayun da suka iya ajiye ta. Wato dai a taƙaice, abin da Baturen ke ƙetare gari da gari yana nema ƙanwar burkutu ce da bammi, sai dai ita an saka mata kwat.

Amma ɗan nawa bai ji ƙarshen labarin ba. Su kansu Turawan sun sha wuya a hannun giyar nan. Rigingimun 'yan kallo sun kai su ga kafa doka a 1985, shekarar da mutum 39 suka mutu a filin Heysel na Beljiyam a wasan Liverpool da Juventus. Dokar ta hana shan giya a inda mutum ke hango fili a manyan wasanni, ta hana shiga da ita motar da aka ɗauko shata don kai magoya baya, kuma wanda ya bugu ba shi da izinin shiga filin. 'Yan sanda kan ware wa baƙi mashayarsu daban, wani lokaci su raka su daga tasha har ƙofar fili. Bature ya yi wa abinsa shinge ta ko'ina. Mu kuma mun tsallake shingen mun rungumi kwalbar.

Kuma in mutum ya duba da kyau, abin da baƙon ƙwallo ke samu a mashayar can ya wuce abin da ke cikin kofi. Wurin zama yake samu bayan doguwar tafiya, da bayan gida, da abinci mai zafi, da 'yan garinsu da zai yi hira da su, da mai gida wanda zai ce masa kada ka bi ta titi kaza da rigar nan. Wannan kuwa mu ba sai an koya mana ba. Sunansa zango. Tun zamanin fatake, daga Kano zuwa Gwanja, Bahaushe bai taɓa shiga gari ya rasa inda zai sauke kaya ba. Akwai sarkin zango, akwai mai masauki, akwai wanda zai tsaya maka in rigima ta taso. Da haka aka kafa Sabo a Ibadan, da zangon Kumasi, da Ama Hausa da Gariki a nan Inugu, da kasuwar shanu ta Lokpanta a kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal. A garin nan ne fa Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin gari na farko a shekarun 1950. Da mutunci ya kai can, kuma guntun mutuncin da irinsu suka bari shi muke lallaɓawa har yau.

A nan ne zan juyo kanmu, mu mazauna, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron nan ya baro Kano ko Katsina ko Gwambe tun jiya, ya kwana a zaune cikin bas, ya wuce shingayen bincike ba adadi. Daga Kano zuwa Fatakwal ya haura kilomita 1,000. Hanyar ma ba ta da tabbas, domin ba mu manta ba a watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasan Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lakwaja, suna kan hanyarsu ta zuwa Owerri, suka raunata biyar. Ya iso a gajiye, da yunwa, da ƙura har cikin kunne. Wa ya tare shi? Wa ya nuna masa inda zai watsa ruwa? A shekarun da na yi a Fatakwal, lokacin Sharks da Dolphins suna nan kafin a haɗe su su zama Rivers United a 2016, sau nawa na ga motar magoya baya ta tsaya a Elekahia, a bakin filin da ake kira Liberation a wancan lokaci, yara suna kwance a ƙarƙashinta suna jiran la'asar, alhali ga mu nan cike da Mile One? Wurin da ke da kujera da fanka da talabijin da ruwan sanyi a kusa da su, kowa ya san wane wuri ne. Mun bar ƙofarmu a rufe, sannan muna mamakin an shiga ta maƙwabta.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban zo yaƙi da masu biya fala ba. Garinsu ne, dokarsu ta yarda, sana'arsu ce. Ga katafaren kamfanin Nigerian Breweries nan a Ama, kusa da 9th Mile, duk mai shigowa Inugu daga Arewa ta nan yankin zai bi. Ga giyar Hero da aka fara yi a Anacha a 2012. Mun zauna da su shekara da shekaru, mai suya ma sau da yawa a ƙofar mashayar yake kafa tukubarsa, su sha nasu, shi ya sayar da nasa, ba a taɓa jin kansu ba. Rigimata da namu ce, wanda a gida ko warin abin ba ya yarda a ji a jikinsa, amma da zarar ya ƙetare kogin Binuwai sai ya ɗauka ya fita daga idon kowa. Hisba ta fasa kwalabe 240,000 a Kano a 2013, an yi ta kabbara. To kwalba ba ta da wuyar fashewa. Wanda tsoron Hisba kaɗai ya hana shi, ranar da ya ga babu Hisba za a san ko shi waye, kuma abin takaici a ƙofar gidanmu ake sanin.

Wani zai ce, ina ruwanka, kuɗinsa ne, cikinsa ne, tsakaninsa da Ubangijinsa. Na yarda, hisabinsa ba a hannuna yake ba. Amma lissafin teburin da ya kifar a hannuna ya faɗo. Wanda bai zauna a nan ba bai san yadda zamanmu yake da laushi ba. Ina Anacha a watan Fabrairun 2006, lokacin da aka kashe mutane a Maiduguri kan zanen ɓatancin da aka yi a Denmark, aka zo aka huce a kanmu. Da ƙafa muka ƙetare gadar Neja zuwa Asaba, wasu kuma ba su ƙetare ba. 'Yan uwanmu na Oyigbo, a gefen Fatakwal, sun ga nasu a watan Oktoban 2020. A nan ba a tambayar wace ƙungiya kake goya wa baya ko daga wace jiha ka fito. Duk mai hula da doguwar riga sunansa ɗaya, aboki. Kai ka zo na awa goma, mu 'ya'yanmu a nan suke zuwa makaranta.

Na san abin zai yiwu, domin na taɓa gani da idona. Ranar 24 ga Oktoban 2018, a filin Stephen Keshi na Asaba, aka yi wasan ƙarshe na kofin Aiteo tsakanin Kano Pillars da Rangers. Sai Masu Gida na cin uku da nema, mun fara rabon goro, sai Rangers suka farke duka a kwatan ƙarshe na wasan, aka tashi uku da uku, suka cinye mu a bugun fenariti. In akwai daren da mutum zai nemi abin da zai mantar da shi baƙin ciki, to wannan ne. Wani dattijo ɗan kasuwa da na sani tun zamana na Anacha ya tattara duk wanda hannunsa ya kai gare shi, mun kai mu talatin, ya ƙetara da mu gada, ya sa aka shimfiɗa tabarmi a harabar shagonsa. Aka kira mai shayi ya dawo da tukunyarsa wurin, aka kawo burodi da ƙwai da balangu. Muka zauna muna zagin masu tsaron baya har ƙarfe biyu na dare. Wasu Inyamurai maƙwabta masu goyon bayan Rangers suka zo yi mana tsiya, aka miƙa musu kofi, suka zauna. Ba a fasa ko tambulan ba. Shekara ta zagayo, a 2019 Pillars suka ɗauki kofin a Kaduna, amma ni har yau daren Anacha ya fi zama min a rai.

Don haka ga roƙona. Sarakunan Hausawa na Inugu da Anacha da Fatakwal, Allah ya ja zamaninku, jadawalin gasar nan ba sirri ba ne, tun farkon kaka ake fitar da shi. A naɗa matasa biyu ko uku a kowane gari, aikinsu tarbar motar baƙi. A nuna musu masallaci da makewayi, a tanadi mai shayi da mai abinci, ba kyauta ba, su biya, amma su san ga wurinsu. A gaya musu unguwar da ba a shiga da dare da ranar da ba a kama hanya. Tun da aka shiga zaman gida na ranar Litinin a watan Agustan 2021, an daɗe a yankin nan wanda ya yi wasa Lahadi ya kwana sai dai ya jira Talata, kuma baƙo ba zai san irin wannan ba sai an gaya masa. Shugabannin magoya baya kuma, ku kira mu kafin ku taso, ku ƙirga mutanenku bayan an tashi, wanda ya ɓace ku nemo shi tun kafin magariba.

Kai kuma ɗana mai kafa hujja da Ingila, in ka sake zuwa, ka tambayi layin masu canji, gidana ba ɓoyayye ba ne. Akwai tabarma, akwai shayi mai kauri, akwai talabijin. In kuwa ka ce lallai sai can, to don girman Allah ka cire rigar da hular tukuna, ka biya kuɗinka cif, ka fita salin-alin.

Allah ya kyauta, ya kai kowa gidansa lafiya.