Tashar Caca Ba Ta Buƙatar Shago a Babura

A watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya ta 2005 kuwa ikonta bai wuce Abuja ba. Ga Jigawa, mai aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, wannan dama ce ta rufe shagunan caca kamar yadda Hisbar Kano ta yi. Sai dai lasisin talabijin yana hannun hukumar NBC ta tarayya, kuma tauraron ɗan Adam bai san iyakar jiha ba. Duk ranar da aka ba wata tasha izinin watsa caca dare da rana, za ta sauka a gidajen kallon ƙwallo na Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa ba tare da ta nemi yardar Dutse ba. Ai tuni aka share mata hanya: tallan caca ya cika hutun rabin lokaci, kuma a 2021 MultiChoice, mai DStv, ya kai hannun jarinsa a kamfanin caca na BetKing kashi 49 cikin ɗari. Yaron da ya sayar da riɗinsa ko ya wuni yana acaɓa, waya na hannunsa, kuɗin kan ƙare kafin a tashi wasa. Wannan ne ke ci mini rai. Ko a Ingila, ƙungiyoyin Firimiya sun amince a 2023 su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban rigunansu. Ya kamata NBC ta ƙi ba da lasisin tashar caca, gwamnatin Jigawa kuma ta rubuta mata tana neman a taƙaita tallan caca lokacin wasanni.