Hartum: In An Tashi Gyara, Kada A Manta Da Ma'auni

Sanin kowa ne cewa kasuwa ba ta tsayuwa sai da ma'auni. Mai hatsi yana da mudu da tiya, mai atamfa yana da yadi, mai zinare kuwa yana da sikeli da dutsen gwaji, kuma duk ranar da ma'auni ya lalace, ko ya koma hannun mai saye shi kaɗai, to ranar ce amana ke barin kasuwa. Wannan ne ya sa a yau muka ga ya dace mu ja hankalin 'yan'uwanmu 'yan kasuwa na Gallabat da Gadarif da Kasala da Wadi Halfa da Adare, da masu saro kaya daga Suk Libiya ta Umdurman, zuwa ga wani irin ma'auni da ba kasafai ake zancensa a rumfa ba, wato na'urorin da masana kimiyya ke ƙerawa domin kama sawun ƙwayoyin zarra. Matsayinmu a kai shi ne, a daidai wannan lokaci da ake maganar sake gina Hartum, wajibi ne a sa ɗakunan gwaje-gwaje da masu ilimin waɗannan na'urori cikin lissafi tun daga farko.

Bari mu fara da bayanin abin da ake nufi. Duk wani abu da ido ke gani, ƙarfe ne ko ruwa ko ƙwayar riɗi, an gina shi ne da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira zarra, kuma kowace zarra tana da cibiya a tsakiyarta. Binciken wannan cibiya shi ne ake kira kimiyyar nukiliya. Da yake babu wuƙar da za ta iya fasa cibiyar a leƙa cikinta, sai masana suka ƙera injinan da ke koro ƙwayoyin da gudu mai kusan saurin haske, su gwara su da juna, sannan su nazarci ɓaraguzan da suka watse. Mafi girman irin wannan inji yana cibiyar CERN da aka kafa a 1954 kusa da birnin Jeneba, a kan iyakar Suwizalan da Faransa. Zobe ne mai kewayen kilomita 27 da aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa, zurfin kimanin mita 100, wanda aka fara kunna shi a 2008.

To amma gwara ƙwayoyi ba ya da wani amfani in babu mai gani. Karon yana faruwa ne sau miliyoyi a cikin daƙiƙa guda, ɓaraguzan kuma suna ɓacewa kafin ƙiftawar ido, saboda haka ake kewaye wurin karon da na'urar kama sawu. Kamar yadda gwanin bin sawu ke duban ƙasa ya ce raƙumi ne ya wuce, ga nauyin kayansa, ga inda ya dosa, haka ita ma na'urar ke karanta alamar da kowace ƙwaya ta bari a cikin iskar gas ko gilashi na musamman ko farantin silikon, ta faɗi nauyinta da saurinta da hanyar da ta bi. Ɗaya daga cikinsu mai suna ATLAS tana da tsawon mita 46 da nauyin tan 7,000, kuma ita da takwararta CMS ne suka gano ƙwayar Higgs a 2012. Wata kuma mai suna ALICE an gina ta ne domin nazarin karon cibiyoyin dalma, inda zafin da ke tashi ya ninka na tsakiyar rana fiye da sau 100,000. A Amurka ma, a cibiyar Brookhaven da ke jihar New York, an tsayar da shawara a 2020 cewa za a gina wani sabon inji na binciken cikin cibiyar zarra, kuma masana daga ƙasashe da dama sun duƙufa wajen tsara na'urar da za ta kama masa sawu.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan mai rumfa a Gallabat da wannan? Amsar ita ce, tuni waɗannan na'urori suka fito daga ramin Jeneba suka shigo kasuwa, sai dai ba a gaya mana asalinsu ba ne.

Mu ɗauki zinare. Tun bayan ɓallewar Kudancin Sudan a 2011, lokacin da ƙasar ta rasa kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗinta, zinare ya zama babban abin da take sayarwa waje, har aka buɗe matatar zinare a Hartum a 2012. A da, maƙerin zinare yakan goga shi a dutse ya ɗiga masa ruwan asid ya yanke hukunci. Yanzu kuwa akwai ƙaramar na'ura da ke haska ƙarfen da hasken eksire, cikin 'yan daƙiƙoƙi ta faɗi yawan zinare da azurfa da jan ƙarfen da ke ciki. Idon da ke cikin mafi ingancin waɗannan na'urori wani ɗan farantin silikon ne da masana biyu, Emilio Gatti da Pavel Rehak, suka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980 domin kama sawun ƙwayoyi a wurin karo, kuma ALICE kanta ta yi aiki da irinsa har zuwa 2018. Sai dai akwai abin lura ga 'yan kasuwa: na'urar tana karanta fatar ƙarfe ne kawai, don haka dalayen zinare mai kauri a kan wani ƙarfe na iya yaudarar ta, kuma in ba a daidaita ta lokaci zuwa lokaci da samfurin da aka tabbatar da ingancinsa ba, sai ta riƙa faɗin abin da ba shi ba. Wa zai daidaita ta? Wa zai gyara ta in ta samu matsala? In babu ɗan ƙasa mai wannan ilimi, to mai haƙo zinare zai ci gaba da sayarwa a kan karat ɗin da mai saye ya faɗa masa.

Haka abin yake a kan iyakoki da tashoshin jiragen ruwa. Injin da ke leƙa cikin kwantena ba tare da an sauke kaya ba, ƙaramin ɗan'uwan injin koro ƙwayoyi ne, allon da ke karɓar hoton kuma daga wancan ilimi ya samo asali. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana a bakin iyaka yana jiran a zazzage masa mota buhu bayan buhu ya san bambancin da ke tsakanin inji mai aiki da wanda ke jiran injiniya daga waje. Bugu da ƙari, tun bayan hatsarin tashar nukiliya ta Canobil a 1986, ƙasashe da dama suka fara neman takardar shaidar cewa abincin da ke shiga cikinsu ba ya ɗauke da tururin nukiliya. Ƙasar da ke sayar da riɗi da ƙaro da gyaɗa da zoborodo tana buƙatar ɗakin gwajin da duniya ta yarda da sa hannunsa, in ba haka ba kuwa sai a gwada mata kayanta a ƙasar mai saye, a yanke mata farashi can.

Na uku shi ne asibiti. Babu wanda ya zauna Hartum ko Umdurman da bai san Asibitin Zarra ba, cibiyar jinyar ciwon daji da aka buɗe a 1967, wadda ta daɗe tana karɓar marasa lafiya daga kowane lungu na ƙasar. Injinan gashin ciwon daji da na ɗaukar hoton cikin jiki duka sun dogara ne ga na'urorin auna haske mai ratsa jiki, domin in awon ya gaza ciwon ba zai mutu ba, in kuma ya zarce sai a ƙone lafiyayyen nama. Likita shi kaɗai ba ya iya wannan awo, sai da masanin kimiyyar fiziks a gefensa.

Ko shakka babu Sudan ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Ta shiga Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya tun 1958, tana da Hukumar Makamashin Zarra ta ƙasa, kuma Jami'ar Hartum, wadda ta samo asali daga Kwalejin Gordon ta 1902 ta zama cikakkiyar jami'a a 1956, ta yaye masana da duniya ta san da zamansu. Daga cikinsu akwai marigayi Farfesa Mahjub Ubaid Taha, masanin kimiyyar ƙwayoyi, da Farfesa Muhammad Hassan wanda ya shafe shekaru fiye da ashirin yana tafiyar da Cibiyar Kimiyya ta Ƙasashe Masu Tasowa a birnin Tiriyeste na Italiya. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ne ya ruguza wannan gado: Asibitin Zarra ya daina aiki, marasa lafiya suka kwarara zuwa cibiyar jinyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira a Wad Madani, ita ma yaƙin ya cim mata a watan Disamba na wannan shekara. Jami'o'in babban birnin sun sha ɓarna da wawashe, malamai da ɗalibai kuma suka watsu zuwa Masar da Saudiyya da sauran ƙasashe. Bayan da sojoji suka sake karɓe Hartum a watan Maris na 2025 ne aka fara zancen gyara gadoji da wuta da ruwa.

A nan akwai gargaɗi da ya shafi rai, musamman ga 'yan'uwanmu masu sana'ar gwangwan. Bayan kowane yaƙi cinikin tsofaffin ƙarafa yakan bunƙasa, alhali wasu injinan asibiti da na masana'antu suna ɗauke da sinadarai masu fitar da tururin nukiliya, wanda ba ya da wari ko launi. A 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Burazil, wasu mutane sun kwance kan wani injin gashin ciwon daji daga asibitin da aka yi watsi da shi, suka sayar wa mai gwangwan, wanda hakan ya yi sanadin mutuwar mutum 4, aka samu wasu 249 da sinadarin ya taɓa, sai da aka gwada mutane kimanin 112,000. A maƙwabciyarmu Masar ma, a ƙauyen Mit Halfa a shekarar 2000, wani manomi da ɗansa sun rasu bayan da aka tsinci wani ɗan ƙarfe irin wannan aka kai gida. Saboda haka duk wanda ya ga ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, ko mai alamar fukafukai uku kamar farfelar fanka a kan rawaya, kada ya fasa shi, kada ya ɗora shi a mota, ya nisanta jama'a ya sanar da hukuma. Abin da kaɗai ke iya gane wannan haɗari shi ne na'urar auna tururi da mutumin da ya iya karanta ta.

Mun san akwai masu cewa ƙasar da jama'arta ke neman abinci da matsuguni ba ta da hurumin zancen ƙwayar zarra. Muna tare da su a kan cewa ciki shi ne gaba, kuma babu mai hankalin da zai ce Sudan ta haƙa zoben kilomita 27. Abin da muke nema ya fi wannan araha nesa ba kusa ba. Maroko ta shiga aikin ATLAS a 1996, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta yi haka, masananta suka sa hannu wajen ƙera wani sashe na na'urar, kuma ɗaya daga cikinsu, Farfesa Raja Sharƙawi ta Jami'ar Muhammad na Biyar da ke Rabat, ita ce ta jagoranci kafa karatun digiri na biyu a fannin fiziks na asibiti a ƙasarta. Afirka ta Kudu na cikin ALICE da ATLAS, inda ake ƙera wasu kayan lantarkin na'urar a Johannasbag. Akwai kuma makarantar fiziks ta Afirka da aka fara a 2010, wadda Dakta Ketevi Assamagan ɗan ƙasar Togo na cikin waɗanda suka kafa ta, ta kuma zauna a Kumasi a 2012 da Dakar a 2014 da Kigali a 2016. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe da ta mallaki irin injin Jeneba. Ɗalibai suka tura, ɗaliban suka dawo da hannun da ya iya haɗa na'ura da gyara ta.

Don haka muna kira ga mahukunta da su ƙidaya duk wani sinadarin nukiliya da ke asibitoci da ɗakunan gwaji na jihar Hartum, su tabbatar da tsaronsa, su kuma sanar da jama'a sakamakon. A samar da na'urorin auna tururi na hannu a mashigar iyakoki da filayen gwangwan, tare da horar da ma'aikatan kwastan. A farfaɗo da sashen auna ingancin zinare na hukumar kula da ingancin kaya da ma'aunai, ta yadda kowace na'urar gwaji a kasuwa za ta ɗauki tambarin ranar da aka daidaita ta. A ware wani kaso daga kuɗin shigar zinare domin gyara ɗakunan gwaje-gwajen jami'o'i, a kuma nemi masanan da suka fita da su dawo, ko su riƙa koyarwa daga inda suke.

Mu ma 'yan kasuwa akwai namu kason. Kakanninmu da suka taso daga Sakkwato da Kano da Katsina suka yada zango a Maiwurno da gaɓar Kogin Nilu sun riƙe noma da fatauci da karatun allo, ya rage gare mu mu ƙara da wannan. Ƙungiyoyin kasuwa da ke tara kuɗi domin biki da jaje za su iya ɗaukar nauyin yaro ko yarinya ɗaya mai ƙwazon lissafi har zuwa jami'a, kuma Alhajin da ke da 'ya'ya biyar a rumfa ba zai yi asara ba in ya bar ɗaya ya zarce da karatun kimiyya. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Horar da masani guda yana cin shekaru kusan goma, saboda haka in ana son a samu masu riƙe wannan ma'auni nan gaba, yanzu ne lokacin sa su makaranta.

Allah Ya dawo da zaman lafiya mai ɗorewa a Sudan, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuma sa albarka a kasuwanninmu, amin.